Malamin lesin ko zaman uwa da ɗanta: wanne ya fi wa ɗan aji biyu?

Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa a wannan zaure namu ta kawo tambaya game da ɗanta mai shekara bakwai, wanda yake aji biyu a wata firamare mai zaman kanta inda ake koyarwa da Turanci, da yamma kuma yana zuwa Islamiyya. Ta ce yaron yana kwafar duk abin da aka rubuta a allo tsaf, yana kuma rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma da zarar an nuna masa kalmar da bai taɓa gani ba sai ya yi shiru ko ya shiga kame-kame. An ba ta shawarar ta ɗauko malamin lesin da zai riƙa zuwa gida awa ɗaya sau uku a mako, ita kuma tana tunanin ko ta riƙa zama da shi da kanta, sai dai karatunta a sakandare ya tsaya kuma ba ta amince da Turancinta ba.

'Yar uwa, na koyar a ƙananan azuzuwan firamare, na kuma yi lesin a gidajen mutane, saboda haka na san hanyoyin biyu ta ciki. Ra'ayina shi ne, ga yaro mai shekarun ɗanki da irin matsalar da kika kwatanta, zamanki da shi ya fi amfani a yanzu, ko da yake akwai wuraren da malamin lesin ya fi ki nesa ba kusa ba, kuma zan faɗe su ba tare da ragi ba.

Kafin ki biya kowa kuɗi, kafin ma ki shimfiɗa tabarma, ki fara sanin inda yaron ya tsaya. Ki ɗauki takarda ki rubuta haruffa goma a cakuɗe, ba a jere yadda ya haddace su ba, ki ce ya faɗa miki su. Idan ya wuce wannan, ki rubuta masa kalmomi biyar masu sauƙi irin su gida, rana, tuwo, kaza da ƙofa. Idan ya karanta su, ki ba shi jimla guda kamar "Kaza ta shiga gida", idan ita ma ta wuce sai ki rubuta ɗan labari mai layi huɗu ko biyar, ya karanta, ki tambaye shi abin da ya faru a ciki. Matakin da ya cije a kansa nan ne karatunsa yake, ko da kuwa takardar sakamakonsa ta ce ya zo na uku a aji. Ba ni na ƙirƙiro wannan gwaji ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa shi, tare da tsarin da yake raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma tsarin ya iso Kano a 2019 ta shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, inda aka koma da 'yan aji huɗu zuwa shida kan tushen karatu da lissafi. Ki lura da azuzuwan da aka nufa, domin yaran da suka riga suka shafe shekaru a makaranta ne ake mayarwa kan baƙi da wasali. Bankin Duniya ma ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Ɗanki ba daƙiƙi ba ne, kuma Allah ya taimake ki da kika gano giɓin tun yana aji biyu.

Bambanci na farko tsakanin hanyoyin biyu yana nan daidai, wato inda kowa zai fara. Malamin lesin yana shigowa gida ne ya tarar da jakar makaranta a buɗe, aikin gida yana jiransa, kuma ya san da wannan aikin za a auna shi, domin shi ne uba zai duba da daddare, shi ne kuma malamar aji za ta yi wa maki gobe. Saboda haka awarsa takan ƙare a kan cike gurabe da amsa tambayoyin littafin aji biyu, alhali yaron yana can baya a matakin haɗa baƙi da wasali. Na taɓa yin wannan kuskure da kaina. Na shafe zangon karatu guda ina zuwa wani gida, yarinyar tana komawa makaranta da aikinta a cike babu gyara, iyayenta suna ta godiya, sai ranar da na buɗe mata shafin da ba mu taɓa dubawa ba na ga ta kasa layin farko. Ashe ni nake faɗa, ita tana rubutawa, kuma har yau abin yana damuna. Ke kuwa babu wanda za ki burge a ƙarshen wata. Idan gwajin ya nuna cewa ɗanki a haruffa yake, kina iya yin mako uku a kan haruffa ba tare da wani ya ce ba ki ƙare littafi ba.

Bambanci na biyu, wanda nake ganin ya fi kowanne nauyi, shi ne harshe, kuma a nan abin da kike ɗauka rauni shi ne babban jarinki. Koyon karatu aiki biyu ne a haɗe: yaro ya gane cewa alamar da ke kan takarda sauti ce, ya kuma gane ma'anar da sautukan suka bayar idan sun haɗu. Wanda aka fara wa da Turanci ana ɗora masa duka biyun a harshen da bai riga ya ji ba, don haka ko ya furta kalma daidai ba shi da hanyar sanin ya yi daidai sai an gaya masa. Wanda aka fara wa da Hausa kuwa, yana haɗa "tu" da "wo" sai ya ji tuwon da ya ci jiya da daddare, fuskarsa ta washe, daga nan ya san abin da ake nufi da karatu. Rubutun boko na Hausa yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake bayarwa a duk inda ya zo, har da masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, shi ya sa harafin c yake fita da sautin k a "cat", ya kuma fita da sautin s a "city". Yaron da ya iya ba, be, bi, bo, bu, ya kuma bi sauran baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da irin wannan jeri, ya riƙe mabuɗin yawancin kalmomin da yake magana da su. Abin da boko bai nuna ba, wato tsawon wasali da karin sauti, kunnen ɗanki ne yake cikewa. Rubutun "gari" ɗaya ne, amma yana karanta "mun shiga gari" da "an tankaɗe gari" zai furta kowanne yadda ya dace, kuma ba zai iya yin haka ba sai ya fahimci jimlar.

Na san tsoron da ke zukatan iyaye da yawa, cewa Hausa za ta ɓata wa yaro Turanci. An gwada wannan a ƙasar nan tun da daɗewa. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Ife inda aka koyar da wasu yara darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda mai zaman kansa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, sun ma fi su a wasu darussan. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin. A 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, aka amince a tsawaita hakan zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da komawa koyarwa da Turanci. Tun kafin 2022 ma, shirin koyar da karatu na RANA a Katsina da Zamfara da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato duk da Hausa suka fara wa yara karatu. Ko wace hanya hukuma ta bi a aji, a tsakar gidanki ke ce mai zaɓi. Dabarar haɗa sautuka sau ɗaya ake koyonta, idan ta zauna sai ta bi yaro zuwa duk harshen da ake rubutawa da irin waɗannan haruffa. Gaskiya ne zai ɗan ruɗe a kan c da kuma yadda Turanci yake kiran wasula, amma ruɗu ne da ake warwarewa da maimaita masa cewa a Turanci wannan harafi yana da wata muryar. Malamin lesin da aka ɗauko saboda makarantar Turanci da wuya ya fara da Hausa, domin yana gudun a ce bai iya ba. Idan kin dace da wanda ya yarda ya fara da ita, ki riƙe shi da kyau.

Sai batun lokaci. A lissafi malamin ne a gaba, domin awa uku a mako minti 180 ne, ke kuma idan kika yi minti 20 kullum 140 za ki samu. Amma ɗan shekara bakwai ba ya iya tattara hankalinsa awa guda cur, balle wanda ya fita tun da sassafe, ya dawo da rana tsaka, ya ci abinci a gurguje ya tafi Islamiyya, sannan bayan Magariba aka ce ya sake buɗe jaka. Rabin awar takan tafi a hamma da neman fensir. Malamin kuma a lokacin da ya dace da shi yake zuwa, tunda yana da wasu gidajen da suke jiransa. Ke kina iya zaɓar lokacin da yaron yake da kuzari, ko bayan sallar Asuba kafin ya sa kayan makaranta, ko da yammacin Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu suke hutu, kuma abin da aka koya jiya za a maimaita shi yau tun bai huce ba. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Mu da muka taso a makarantar allo mun san wannan tsari: a fara da babbaƙu, a shiga farfaru, kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, a yi tilawa kullum, kuma malam ba ya ba da izinin wanke allo sai karatun ya zauna. Wannan hikima nake so ki ɗauko ki yi wa boko da ita, ki bar bulalar a can.

Bulalar ce ma ta kawo ni wuri na farko da malamin lesin yake iya fin uwa. Iyaye mata da yawa suna da haƙurin koya wa ɗan maƙwabta, amma a kan nasu haƙurin ba ya nisa, domin kuskuren ɗan cikinka zuciya yake taɓawa. Na ga zaman karatu da aka buɗe da Bismillah ya ƙare da ranƙwashi da kuka, kuma yaron da ya haɗa littafi da tsoro yakan daina gwadawa gaba ɗaya, tunda ya gane cewa shiru ba ya jawo duka kamar yadda kuskure yake jawowa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah. Idan kin san ba za ki iya jin kuskure ɗaya sau biyar ba tare da kin ɗaga murya ba, to baƙo mai sanyin hali ya fi wa yaron alheri, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Wuri na biyu shi ne ɗorewa. Wanda ake biya yana zuwa ko ana biki ko ana suna, ke kuma ga girki, ga goyo, ga baƙi, ga sana'a, har zaman da aka ce kullum ya koma sau ɗaya a mako ba tare da kin ankara ba. Na uku shi ne Turancin kansa da darussan manyan azuzuwa. Daga aji huɗu zuwa sama, inda lissafi yake yin nauyi, da kuma aji shida idan kuna son ya zauna jarrabawar shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya da hukumar NECO take shiryawa, gogaggen malami yana da abin da zai bayar wanda ke ba ki da shi, kuma a wannan lokacin ni da kaina zan ce ki nemo shi.

Akwai wani abu daga Indiya da ya dace a sa shi a kan sikelin nan, domin yana magana da ɓangarorin biyu. A biranen Vadodara da Mumbai, Pratham ta ɗauki 'yan matan unguwa da suka gama sakandare, ta ba su horon mako biyu, ta damƙa musu yaran da suka kai aji uku ko huɗu ba su iya tushen karatu da lissafi ba. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka bibiyi shirin, suka ga yaran sun ci gaba, kuma mafiya rauni su suka fi amfana. Wannan ya nuna cewa mai koyarwa na gefe yana da amfani ƙwarai idan ya fara daga inda yaro yake. Ya kuma nuna cewa matakin karatun waɗannan 'yan mata shi ne naki, 'yar uwa, kuma ya ishe su.

A lissafin aji biyu ba ma sai an tsaya dogon kwatance ba, domin gida ya fi kowane aji kayan aiki. Ki ɗaure masa tsinken tsintsiya goma-goma ya ga da idonsa cewa 23 ɗauri biyu ne da tsinke uku, ki sa ya kwance ɗauri guda idan za a ɗebe 7 daga ciki, sai "aro" da ake gaya masa a aji ya zama abin da ya taɓa da hannunsa. Ya ƙirga murafun kwalba ko ƙwallayen dabino, ya raba ƙosai tsakaninsa da ƙannensa. Idan za ki aike shi da naira 500 ya sayo abin naira 350, ki tambaye shi canjin tun kafin ya fita.

Abin da malamin lesin ba zai taɓa kawo miki a jakarsa ba shi ne hira. Yaro ba ya fahimtar rubutun da ya fi ƙarfin kalmomin da ke bakinsa, kuma kalmomi a tatsuniya da kacici-kacici da hirar manya ake tara su. Idan an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" an shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake ganin Gizo zai yi, gobe kuma ki ce shi ya ba ƙanwarsa labarin daga farko. Kakarsa da ba ta taɓa riƙe fensir ba tana iya yin wannan fiye da ni da ke. Daga nan kuma ake maganin ƙarancin littattafai: ki ce ya ba ki labarin abin da ya gani a hanyar makaranta, ki rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta a layi uku da manyan haruffa, sannan ki miƙa masa ya karanta. Yaro yana ɗokin karanta abin da ya fito daga bakinsa, kuma bayan wata guda za ki tarar kuna da littafi sukutum. Mahaifinsa ma yana da rabo a nan, ko da minti biyar ne ya zauna yaron ya karanta masa shafin ranar, domin yaro yana auna darajar abu da wanda ya tsaya ya saurare shi.

Ta fuskar kuɗi, lesin biya ne na kowane wata, zamanki kuma abin da yake buƙata ƙaramin allo ne da alli da littafin rubutu guda. Kuɗin lesin na wata ɗaya idan aka mayar da su littattafan labarai masu hotuna, na Hausa da na Turanci mai sauƙi, za su wuce ɗanki su kai ga ƙannensa.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Zan yi gwajin nan gobe, in rubuta kwanan wata a takardar in adana ta. Zan ba kaina mako takwas ina zama da shi minti 20 kullum a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, waya a ajiye: biyar na farko bitar na jiya, goma a kan sabon baƙi ɗaya da wasulansa da kalmomin da ake ginawa da su, biyar na ƙarshe labari. Zan je wurin malamar ajinsa cikin girmamawa in gaya mata abin da na gani da abin da nake yi, in roƙe ta ta karɓi aikin gidansa da kurakuransa, domin aikin da babba ya cike yana ɓoye mata halin da yaron yake ciki. Idan gaɓoɓin Hausa sun zauna, zan fara shigo da gajerun kalmomin Turanci na littafinsa da irin wannan dabara ta haɗa sauti. Bayan mako takwas zan sake gwajin da sababbin kalmomi.

Idan ya haura mataki ɗaya ko biyu, ki ci gaba, ki ajiye batun lesin zuwa manyan azuzuwa. Idan bai motsa ba duk da kin kiyaye zaman, ki fara kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, musamman idan yana matso da takarda kusa da fuska, ko yana yawan cewa a maimaita masa magana, ko ya taɓa fama da ciwon kunne, domin babu malamin da zai gyara wannan. Idan an tabbatar lafiyarsa ƙalau, ko kuwa ke ce zaman ya gagara, sai ki nemo malamin. Ranar da ya zo ki miƙa masa takardun gwajin guda biyu ki tambaye shi daga ina zai fara. Wanda ya duba su, ya kira yaron ya saurare shi da kansa, shi za ki ɗauka, wanda kuma ya fara da alkawarin cewa yaron zai zo na ɗaya a wannan zango, ki ba shi haƙuri. Ki kafa masa sharaɗi tun ranar farko cewa ba duka, ba ya yi wa yaron aikin gida, zaman kuma ba zai wuce minti 40 ba, kuma a tsakar gida ko falo za a yi shi, inda ke ko wani babba yake ganinsu yana jin abin da ake koyarwa.